Kunun da Na Ba Yaya a Hanyar Bauchi

Liman na sallame sallar asuba muka tashi daga Darazo, ko addu'a ban tsaya an shafa ba. Mu huɗu ne a motar: direba, wanda abokina ne na tasha, da ni, da matar yayana, sai yayan nawa da muka shimfiɗe a kujerar baya, kansa a cinyata. Masu kirana a waya kuna tambayar ina na shiga kwana goma sha biyu rumfar facina a rufe, to ga amsarku. Ku yi haƙuri da rubutun. Ni aji huɗu na tsaya a firamare, abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Yaya tela ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya saya mini injin iska na farko. Ana gobe za mu yi tafiyar nan, da ƙafarsa ya je masallaci ya yi azahar. Da la'asar ya tsuguna zai yi alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, ya kife a wurin. Magana ta koma gurnani. Nan da nan gida ya cika. Wannan ya ce iska ce ta buge shi, wancan ya ce sammu ne na abokan sana'a. Aka yi hayaƙi, aka yi tofi, aka shafe shi da mai. Haka muka kwana da shi. Mai kemis na layinmu ne ya auna jininsa ya ce ya hau sosai, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, mu nufi Bauchi, can ake hoton ƙwaƙwalwa.

Damina ce, an yi ruwa kafin asuba. Ramukan hanya duk sun cika, ba ka sanin zurfin rami sai ka faɗa shi. Shekara ashirin ramukan nan suna ciyar da ni, duk tayar da suka fasa wurina take zuwa. Ranar kuwa tsine musu na dinga yi, don kowane rami muka shiga sai kan Yaya ya bugi gwiwata. Hannunsa na dama yana lilo ƙasa, in na ɗauko na ɗora masa a ƙirji sai ya sake zamewa. Matarsa tana gaba, ta juyo rabi, carbi a hannu tana ja. Gonakin gero da dawa sun yi kore shar a gefe da gefe, mutane na fita da fartanya kamar babu abin da ya faru a duniya. A shinge biyu aka tsayar da mu. Duk wanda ya leƙo ya ga bakin Yaya sai ya ja baya ya ce mu wuce, Allah ya sawwaƙe.

A Soro muka tsaya shan mai wurin 'yan bumburutu, don gidan mai bai buɗe ba. Kuɗin da suka faɗa sai da direba ya tambaye su ko man da zuma aka haɗa shi. Wata mata na suyar ƙosai a bakin titi, ƙamshin ya shigo motar. A nan Yaya ya buɗe ido. Leɓensa ya bushe ya tsattsage. Matarsa ta taho da fulas na kunun tsamiya, sai na ga idonsa ya kafe a kan fulas ɗin.

Ta ce, “Tun jiya da rana bai sa komai a cikinsa ba.”

Ku gaya mini, wane ƙane ne zai ga yayansa na kallon kunu ya hana shi? A wurinmu mara lafiya in ya karɓi abinci, an ce sauƙi ya samu. Na tsiyaya a murfin fulas, na ɗan ɗaga kansa, na kafa masa a baki. Na farko ya biyo gefen baki ya zubo a wuyan riga. Na biyu ya shiga. Sai tari, idonsa ya yi ja, hawaye na fita. Direba ya ce, “Kai, ƙyale shi haka.” Na ce ai ya fara karɓa ne, alhamdulillahi. Na ƙara masa na uku. Bayan mun ɗauki hanya sai na ji numfashinsa ya canza. Kun san in na danna tiyub mai huji a cikin bahon ruwa, yadda iska ke fita ɓul-ɓul? Haka ƙirjinsa ke yi. Na ce a raina kwanciyar ce ba ta yi masa daɗi ba.

Da hantsi duwatsun Bauchi suka bayyana. Garin ya cika ya batse da Keke da 'yan acaɓa, kowa na ganin hanyar ta ubansa ce. Direba ya kunna fitilu ya danne hon, ni kuma na fito da kai ina ihun mara lafiya ne. Wasu suka kauce, wasu ko a jikinsu. Da ƙyar muka kai ƙofar babban asibiti. Aka kawo gadon turawa, aka shiga da shi sashen gaggawa, aka ɗauki jini, aka kai shi hoton ƙwaƙwalwa. Ni dai takarda ake miƙo mini ina gudu daga wannan taga zuwa waccan.

Ina zaune a benci ina jiran sakamako na ga wata takarda manne a bango. Turancin ban iya ba, amma hoton ba ya bukatar karatu. Mutum ne kwance bakinsa a karkace, wani na miƙa masa kofi, an ja jan layi an soke kofin. Na daɗe ina kallonsa.

Bayan azahar likitar ta zo. Gajeruwa ce, furfura ta cika kanta, takalminta shimfiɗaɗɗe, tabarau rataye da igiya a wuya. Ɗalibai biyar na biye da ita da littattafai. Nas-nas na kiranta Mama Farfesa. Hausarta irin ta mutanen wajen Dass ce, mace da namiji duk “ya” take ce musu. Ta duba hoton ta ce jijiya ce ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa daman ya mutu. Sai ta juyo gare ni.

“Malam, kai ne ƙaninsa? Tambaya biyu zan yi maka. Wane sallah ya yi na ƙarshe a tsaye da ƙafarsa?”

Na ce azahar ta jiya. Da alwalar la'asar ya faɗi.

“To kun kwana da shi ke nan.” Ba faɗa ta yi ba, rubutawa kawai ta yi. “Na biyu. Tun da ya faɗi, akwai abin da ya wuce ta bakinsa? Ruwa, kunu, rubutu, magani?”

Hoton bangon nan ya dawo mini. Ɗalibai biyar na kallona. Na ce, “Ko ɗigo, ranki ya daɗe.”

Matar Yaya ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai ƙasa. Ba za ta ƙaryata ƙanin mijinta a gaban mutane ba, kuma na san haka lokacin da na yi ƙaryar. Likitar ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaron Yaya, ta saurari ƙirjinsa, ta ce kada a ba shi komai ta baki. Aka zura masa roba ta hanci har ciki, ta nan za a dinga ba shi abinci. Aka rataye kwali a kan gadonsa mai hoton kofin nan da aka soke.

Masaukina gidan Goggo ne, ƙanwar mahaifinmu, a Ƙofar Dumi. Lungun ko Keke ba ya shiga, sai ka sauka a baki ka taka, kana tsallake kwata kana kauce wa babura. Maƙera na bugu ta nan, masu ɗinkin hula na zaune ta can. Da safe Goggo ta sa aka sayo mini masa da miyar taushe. Kowa ya san masar Bauchi, laushi kamar auduga, kodayake yanzu ta ƙanƙance, kuɗinta kuma ya yi ƙiba. Biyu na iya ci na ture kwanon.

A bencin majinyata na ji tarihin likitar, daga bakin wani mai walda ɗan Gwallaga da ke jinyar mahaifiyarsa karo na biyu. Ya ce ta yi karatu har ƙasar waje, an so ta zauna can ta ƙi. Da ta dawo sai ta shiga ɗakin ajiyar tsofaffin fayil-fayil, ta shekara da shekaru tana bin na waɗanda ciwon nan ya kashe, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ta gano shi ne da yawansu ba ƙwaƙwalwar ce ta kashe su ba, ƙirji ne. Ciwon na kashe maƙogwaro kamar yadda yake kashe hannu, sai abin da aka ba mutum ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, ya ruɓe a can. Ya ce tambayar sallar nan ma dabararta ce. Ta lura in an tambayi mutanenmu ƙarfe nawa abin ya faru, sai su ce ɗazu, ko jiya-jiya. Amma babu wanda ke manta sallar da mutum ya yi a tsaye. In Kirista ne sai ta tambaya ko ya je addu'ar safe, ko ya dawo daga gona. Ya ce ta rubuta abubuwan nan likitocin wasu garuruwa na karantawa, ta shiga rediyo, ta bi masallatai da coci-coci. “Kai dai ka gode Allah ba ku ba shi komai ba,” in ji shi. Na ce masa haka ne. Na tashi na je bayan gini na tsaya.

A kwana na uku zazzaɓi ya rufe Yaya. Jikinsa kamar kwalta da rana. Numfashi sama-sama, haƙarƙarinsa na shiga na fita. Aka jawo tukunyar iska aka rufe masa hanci da baki. Matarsa ta zauna a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa. Likitar ta zo da sauri, ta saurari ƙirjin gaba da baya, ta ba da umarnin allurai, sannan ta ce in biyo ta. Muka tsaya a baranda, ba ɗalibi ko ɗaya.

Ta ce, “Babana manomi ne. Ina makarantar likita ciwon nan ya kama shi. Mamana ya dama masa kunun gyaɗa, wanda ya fi so, yana ba shi da ludayi yana masa waƙa. Kwana biyar ya yi. Mamana har ya mutu bai san kunun ne ba, kuma ban gaya masa ba. Ni ma sai daga baya na sani.” Ta cire tabarau. “Ranar da kuka zo na ga kunu a wuyan rigar yayanka. Na ce nas su sa ido a ƙirjinsa. Yanzu ina so in ji daga bakinka. Me ka ba shi, kuma nawa?”

Ni mutum ne da na haura hamsin, ban tuna ranar da na yi kuka a gaban mace ba. Na ce kunun tsamiya ne, murfin fulas, sau uku, a Soro, da hannuna. Na ce ya yi tari na ƙara masa. Na tambaye ta ko na kashe shi.

“Ban sani ba tukuna,” ta ce. Ba ta lallashe ni ba, kuma na gode mata da hakan. “Allura zai yi nasa aiki. Amma in wani abu ya sake shiga huhun nan, ba na jin zai tashi. Ƙarfe huɗu ake buɗe ƙofa ga masu dubiya. Lokacin ni ina aji, nas biyu ne a ɗaki mai gado da yawa. Kai ne kana wurin.”

Ta nemi izinin sa labarina a cikin bincikenta ba tare da suna ba. Na ce ta sa har da sunan in zai hana wani yin abin da na yi.

Wanda bai ga ƙarfe huɗu a asibitin nan ba bai ga dubiya ba. Ana buɗe ƙofa sai mutane su kwararo, kowa da fulas, da kula, da leda. Farfesu, kunu, fura, lemo. Babu wanda ke zuwa hannu rabbana, abin kunya ne. Na ja kujera na zauna daidai kan Yaya. 'Yan garinmu mazauna Bauchi suka zo, na karɓi abin hannunsu na tura ƙarƙashin gado. Wasu suka ji haushi. Ban damu ba.

A kwana na huɗu Goggo ta zo da kanta, tana dogara sanda. Ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yar kwalba. Zamzam ne, tun na hajjinta take ɓoyonsa. Ta yi bisimilla, ta janye abin iskar daga bakin Yaya, ta kai kwalbar. Sai na riƙe mata wuyan hannu.

Ta dubi hannuna, ta dube ni.

“Kai ɗan nan, ni ka riƙe? Ni da na yi wa uwarka wankan jegonka?”

Na ce, “Goggo, ki yi haƙuri. Likita ta hana.”

“Zamzam ɗin likita ta hana? Sake ni, mara kunya! In yaron nan ya cika da ƙishirwa, alhakinsa a wuyanka har gaban Allah.”

Ban saki ba. Na ce, “Goggo, ba ruwan ne da laifi ba, maƙogwaron ne ya mutu. Wannan tukunyar iskar da kike gani ni na jawo masa ita. Kunu na ɗura masa a Soro ya tafi huhu, na zo nan na yi ƙarya. In za ki tsine mini ki tsine, amma ba zai sha ba.”

Kowa a ɗakin ya ji, har mai waldan nan. Wata nas ta zo ta karɓi kwalbar da ladabi, ta jiƙa auduga da zamzam ɗin ta matse, ta ba Goggo ta shafa masa a leɓe da goshi da hannun da ya mutu. Goggo ta shafa tana kuka, ta fita ba ta kalle ni ba. Daga ranar na daina zuwa Ƙofar Dumi, na koma kwana a barandar asibiti da sauran majinyata.

Amma Goggo ba ita ce mai wuyar ba. Mai wuyar Yaya ne. Ana ba shi ruwa ta robar hanci da ta jijiya, amma bakinsa bai san da haka ba. Duk wanda ya wuce da ledar ruwa sai ya bi shi da ido. Ya kan damƙi rigata da hannun hagu ya nuna baki, yana gurnani. Ni kuma in ce a'a. Mutumin da ya ciyar da ni shekara da shekaru. Na daina shan ruwa a gabansa, in ƙishi ya kama ni sai in fita waje. Wata rana ya juya fuska bango ya ƙi kallona har yamma.

A kwana na bakwai zazzaɓin ya fara sauka. Na takwas aka cire tukunyar iska. Masu gashin ƙashi suka fara zuwa suna lanƙwasa masa hannu da ƙafa. A kwana na goma likitar ta shigo da ɗalibanta, riƙe da kofi da ƙaramin cokalin shayi. Aka zaunar da shi sosai, aka tokare bayansa da filo. Ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaronsa, ta zuba masa ruwa cokali ɗaya. Maƙogwaron ya tsaya, ya tsaya, sannan ya hau ya sauka. Ta ce ya ce “aa”. Muryar ta fito tas, babu ɓul-ɓul. Ta ba shi na biyu. Ta ba shi na uku. Babu tari. Matarsa ta faɗi ta yi sujada a kan siminti.

Likitar ta ce za a fara da kunu mai kauri, da cokali, a zaune, a hankali. Ta miƙo mini cokalin ta ce in gwada a gabanta. Na ɗebo na kai masa baki. Yaya ya haɗiye, ya kafe ni da ido, bakin nan karkatacce ya yi ta motsi. Kalmarsa ta farko tun ranar da ya faɗi ta fito a rarrabe:

“Ma... ro... waci.”

Ɗalibai suka fashe da dariya. Likitar ta ce wa ɗaya, “Rubuta, magana ya fara dawowa.” Ni kuwa na rasa dariya zan yi ko kuka, na yi duka biyun.

A kwana na goma sha biyu aka sallame mu da maganin hawan jini da za a sha kullum. Ashe an taɓa rubuta masa shi, da ya ji garau ya watsar. Goggo ta aiko da masa cike da kwano, ba saƙon komai. Na fahimta, na ci. Direban nan ya dawo ya ɗauke mu. Wannan karon a zaune Yaya ya yi tafiyar, na tare shi da kafaɗa. Da muka zo Soro mai ƙosan tana nan inda take. Na ce wa direba kada ya tsaya.

Mun iso Darazo gab da la'asar. Ƙafar dama yana janta, hannun bai dawo ba, keken ɗinkinsa na rufe da zane, ban san ko zai sake hawansa ba. Kafin mu shigar da shi ɗaki mata sun fara sallama da fulas-fulas. Na jawo benci na ajiye a bakin ƙofa na zauna.

Abin da na koyo ba shi da yawa. In mutum ya faɗi bakinsa ya karkace, kada a kwana da shi, a nemi mota. A riƙe sallar da ya yi ta ƙarshe a tsaye. Kada a ba shi ko ɗigon ruwa, ko yana roƙo, sai likita ya gwada maƙogwaronsa. In kuma an riga an ba shi, a faɗa. Ni na yi ƙarya don kada ɗalibai biyar da ban sani ba su raina ni, yayana na kwance kunu na ruɓa masa huhu.

Gobe zan buɗe rumfa. Direba ya riga ya kai labari tasha, yanzu Marowaci suke kirana. Ku kira, ina amsawa. Wanda ya raɗa mini sunan yana ɗaki a zaune, yana jiran in kawo masa cokali.